Jajen Da Aka Yi Wa Hidaya

Talata Mafara,
Jihar Zamfara.

Zuwa ga Yayana Hayatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka a can Fatakwal. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri, ya sa albarka a kasuwa. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Ƙafar maigidana Malam Jibrin ta yi sauƙi, har ya koma gonar shinkafa. 'Yan uwanmu na Maradun ma suna nan ƙalau, sai dai hanyar da har yanzu ba a binta in yamma ta yi. Na zaɓi in rubuto ne in ba direban albasa ya kawo maka, don a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana.

Ɗiyarka ta wajena, Hidaya, ta gama jami'a. Na san za ka ajiye takardar ka fara lissafi da yatsu, to bari in hutar da kai, shekara uku ta yi ba huɗu ba. A makarantarsu, wanda ya ji zai iya yakan zauna lokacin dogon hutu ya ɗauki darussan gaba. Ita kuwa ka san ta da kafiya, irin taka sak. Dogon hutu biyu ba ta zo gida ba, ko da Sallah kwana uku take yi ta koma. Ta hana mu faɗa wa kowa sai ta ga sakamako. Sakamakon yana cikin akwatina, na karanta shi da idona har sau uku, kuma ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

To amma ka san mutanenmu. Sun ga mota ta sauke ta da katifa da bokiti da risho, alhali kowa ya san saura shekara. Mu kuma a danginmu ma'aunin karatun jami'a shi ne Zaharadeen ɗan Gwaggo Gimbiya, wanda yajin aiki ya sa ya yi shekara shida a karatun shekara huɗu. An saba jin karatu ya ƙara tsawo, ba wanda ya taɓa jin ya ragu. Kwana biyu sai ga mata suna ta shigowa. Na dama kunu na soya cincin, a zatona barka suka zo. Kowacce ta zauna sai ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ni kuma ina ta washe baki ina amsa amin. Sai da Gwaggo Gimbiya ta ja ni gefe ta ba ni shawarar a sama wa yarinyar keken ɗinki kada tunani ya yi mata yawa, sannan na gane jaje ake yi mini. Duk sun ɗauka korar ta aka yi, kunya ce kawai ta hana kowa tambaya. Na fito da takardar, masu iya karatu suka karanta wa sauran, aka yi ta dariya da neman gafara. Nan Mafara dai magana ta mutu.

Inda ba ta mutu ba shi ne wajen Inna a Dakko ta ƙasar Bakura, don labarin ya riga mu isa can. Ranar Juma'a muka je da takardar, Inna ko kallonta ba ta yi ba. Ta ce takarda ai kowa na iya rubutawa. Ta ce ranar da ka kai Hidaya makaranta, kai da bakinka ka gaya mata damina huɗu ce, ita kuma kaka uku ta gani aka yi girbi. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Jawo Hidaya ta yi ta shafa kanta, ta ce ta yafe mata, ko me ya faru jikarta ce, har ta ba ta tunkiya wai ta fara kiwo. Yarinyar da ban taɓa ganin hawayenta a kan wahalar karatu ba, tun daga Dakko har Mafara kuka take yi. Ƙaninmu Mas'ud ya ce tunda Inna ta ji zancen ta daina zuwa suna da biki, abinci ma sai an matsa mata.

Abin da nake so ka yi ba mai wuya ba ne. Talata ta sama Mas'ud zai kawo Inna asibiti a duba idonta, za ta wuni a gidana. Ka kira bayan azahar, ka gaya mata da bakinka cewa kai ka faɗi huɗu, yarinya ta yi a uku, kuma ƙoƙari ne ba kora ba. Ba na ko shakka, kai kaɗai za ka faɗa ta yarda, don tun muna yara maganarka ita ce magana a wajenta, ko da ni ce da gaskiya. Washegari zan yi walima, masu jaje su dawo su yi barka. Kada ka ce aiki ya yi maka yawa. Inna ta tsufa, Yaya, kuma ba zan yarda ta bar duniya tana yafe wa Hidaya laifin da ba ta yi ba.

Ka gaishe da uwargida Taiba, da Shamsuddeen da Amira. Malam Jibrin da Hidaya suna miƙo gaisuwa. Allah ya bar zumunci, ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Asabe.