Riƙon Sanda a Bakin Fadama

Gummi, Lahadi

Kawu Namadi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan jiki ya yi sauƙi. Tunda aka yanke layukan waya, direban motar kasuwa zai riƙa kawo maka takardata.

An kwance mani ɗaurin hannu. Yatsun da babur ya karya sun haɗe, sai dai ƙaramin na dama ya ƙi lanƙwasuwa. Da hantsi nakan fita bakin fadama da sandar golf ɗin da ka ba ni, amma duk ƙwallon da na buga sai ta karkace dama, ta faɗa shinkafar mutane. Ga gasar masu ɗaukar wa 'yan golf jaka ta Kaduna wata mai zuwa, kuma wanda ya ci shi za a ɗauka koyarwa. Inna ta ce in haƙura in kama noma.

Jiya na yi mafarkin ciyawar filin Kaduna ta malalo har ƙofar gidanmu, ina tafe a kanta ba takalmi.

Ɗanka, Mujahid

Bukkuyum, Laraba

Mujahid,

Wa alaikumus salam, Allah ya yi albarka. Hannuna na rawa, 'yata Sahura, ƙanwarka, ke rubuta mani.

Bar tilasta wa ƙaramin yatsan nan ya sarƙe da na hagu. Jera duka goman a kan sanda. Ta kwanta a gindin yatsu, kada ta shige tafin hannu. Murɗa hannun hagu kaɗan har ka ga gaɓoɓi biyu. Kuma na san ka, tsoro ya sa kake matse ta. Sassauta.

Na tsufa da jakar wasu a kafaɗa, ban taɓa shiga gasa ba. Har yau idan na rufe ido ina jin raɓar filin nan a ƙafata. Innarka ƙanwata ce, bar ni da ita.

Kawunka

Gummi, Asabar

Kawu,

Bayan gaisuwa mai yawa. Da farko sandar ta riƙa zamewa, har na yi fushi na ajiye ta. Shekaranjiya da la'asar na sake ɗauka, na sassauta kamar yadda ka ce. Ban ma ji bugun ba. Ƙwallon ta tashi sak, ta ƙetare ruwa, balbelu suka watse, na daɗe tsaye ina kallon inda ta ɓace. Wani masunci ya kawo mani ita cikin kwalekwale, yana tambaya ko ƙwan wane tsuntsu ne.

Zan tafi Kaduna. Amma Kawu, takardarka ta kusa yagewa don karatu, kuma ba duka don shawarar ba ne. Idan na ci gasar, akwai maganar da nake so manya su kawo maka. Mai karanta maka tana iya tsallake wannan layin.

Na bar ka lafiya,
Mujahid

Bukkuyum, Talata

Mujahid,

Salamu alaikum. Je ka buga. Allah ya ba da sa'a, ya tsare hanya.

Kawunka

Yaya, Baba ya ce in ninke takarda, amma ga sauran wuri. Ban tsallake ba. Ya tambaye ni wa ya ce sai an ci gasa. Idan ka juyo, ka sauka Bukkuyum.

Sahura