Katangar Lungun Tabki

Dogon Dutsi, 9 ga Disamba

Zuwa ga ƙanena Nasiruddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya mutanen Tibiri? Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa.

Na rubuto ne don in na kira ka a waya, "to" kawai kake cewa ka kashe. Na ba Ɗantala direba takardar, ya ce zai kai maka har wurin aiki.

Ran Juma'a mai unguwa ya zo gida, shi da mata huɗu masu garka, wato lambu, a bakin tabki. Baba suka nema. Baba ya ce su yi magana da ni, ni kuma na ce maganar taka ce. Roƙo suke a buɗe lungun bayan gidanmu.

Ban manta ba, ta lungun nan Ladidi ta bi ranar da ta faɗa ramin masu tubali, kuma ina tsaye ka ɗauko gawar ɗiyarka daga ruwa. Ban hana ka ba lokacin da ka toshe lungun da bulo kwana uku bayan haka. Ban ce komai ba da ka nemi a maida ka Tibiri. Amma yau wata goma sha biyar ke nan, kuma wurin ya sauya. Ma'aikatar magajin gari ta cike ramukan, ta ja waya a gefen da ke da zurfi. An dasa itatuwan bedi, an yi bencin siminti, an zuba tsakuwa a hanyar da ta bi bakin ruwa. Da yamma har mutanen wasu unguwanni suna zuwa shan iska. Mu da muke jin kukan kwaɗi daga ɗaki, sai mun fita titi mun zagaya ta bayan tashar mota, tafiyar rabin awa.

Mai ƙosan da ke bakin lungu ta tashi, ta ce ba masu wucewa. Baba har yanzu yana sa a shimfiɗa masa tabarma a inda ya saba, amma yakan yi wuni guda bai amsa gaisuwar kowa ba, don ba mai bi ta nan.

Matarka Zubaida lafiyarta lau, ita ke kula da abincin Baba. Ka yi tunani ka ba ni amsar da zan kai wa mai unguwa.

Yayarka,
Ramatu

*

Tibiri, 14 ga Disamba

Zuwa ga Yaya Ramatu,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso. Ina gaida Baba da kyau, ina gaida mutanen gida.

Aiki ya yi yawa, muna zagayen rigakafin dabbobi a ƙauyuka, shi ya sa amsa ta yi jinkiri.

Game da lungu, ki gaya wa mai unguwa ina girmama shi, amma ba zan buɗe ba. Wurin cikin filinmu yake, haka yake a takarda. Kakanmu ne ya bar mutane suna bi don alheri, ba don dole ba. Akwai titi, kuma wanda ke da buƙata a tabki ya san hanya.

Kin ce an ja waya. Na ga irin wayar nan a wurare da yawa, damina ɗaya take yi. Benci kuma ba ya rage wa ruwa zurfi.

In Baba yana son mutane, a kai masa tabarmarsa ƙofar gida ta gaba, wajen masallaci. Ban san ranar da zan samu zuwa ba.

Na gode da kulawarki. Allah ya bar zumunci.

Ƙanenki,
Nasiruddeen

*

Dogon Dutsi, 6 ga Janairu

Nasiru,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan an gama zagayen lafiya.

Na kai wa mai unguwa amsarka yadda ka rubuta. Ya ce, "Ba komai, Allah ya ba shi haƙuri." Bai ƙara ba.

Tabarmar Baba mun maida ta gaba kamar yadda ka ce. Kwana biyu ya yi. A na uku ya ce da ni, "Ramatu, masu babur ba sa tsayawa. Ku maida ni baya." Na ce, "Baba, baya ai katanga ce kawai." Ya ce, "Na sani. Nan nake son zama." Mun maida shi.

Inna Hamsatu, wadda ta fi kowa daɗewa tana noman salati a bakin tabki, ta bar garkarta. Gwiwarta ba ta iya zagayen sau biyu a rana. Biyu daga cikin matan ma suna cewa bana ce ta ƙarshe.

Akwai abin da na yi kwanaki ina shawarar ko in gaya maka. Ranar Laraba na tashi daga lakkwal, wato makaranta, da wuri, na ce bari in bi ta tabki in ga gyaran da ake faɗa. Na tarar da garkar Inna Hamsatu a jiƙe, salatin ya yi kyau. Wadda ke ba shi ruwa ta juyo, sai na ga Zubaida ce. Ta cire takalmi, ƙafarta duk laka. Garkar ba ta fi taku talatin ba daga inda ramin yake a da.

Na ce, "Zubaida, tun yaushe?" Ta ce, "Tun kaka, Yaya. Kullum bayan la'asar. Baba ya sani." Ban ga alamar kuka a fuskarta ba. Ta ciro mini salati ta wanke, muka zagayo gida tare.

Ban ce ta yi daidai ba, ban ce ta yi kuskure ba. Matarka ce, ya kamata ka sani.

Yayarka,
Ramatu

*

Tibiri, 8 ga Janairu

Yaya,

Ina gaisuwa. Na karanta takardarki sau uku.

Me ta je yi can? Duk faɗin Dutsi ba inda za ta zauna sai wurin nan? Kuma ku duka kuna kallo, har da Baba. Na kira ta, tana ɗauka na kashe.

Ki ce mata ta daina zuwa. In zaman gidan ne ya dame ta, na samu ɗaki biyu a nan, ta shirya ta taho. Nan babu tabki kusa.

A gaida Baba.

Nasiruddeen

*

Dogon Dutsi, 12 ga Janairu

Zuwa ga Baban Ladidi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki. Ina fatan kana cin abinci a kan lokaci. Ka yi haƙuri da rubutuna, na daɗe ban riƙe biro ba.

Yaya Ramatu ta gaya mini saƙonka. Tun ranar ban je ba, tunda ka ce. Na roƙi wata ta riƙa ba salatin ruwa. Amma ina so ka ji daga bakina.

Ni na je wurin mai unguwa na ce su zo su roƙa a buɗe lungun. Matan ba su yi niyya ba, kunyarmu suke ji. Ni na tura su.

Ka yi katangar ka tafi. Ni kuwa tagar ɗakina ita take kallo. In na tashi da safe ita nake fara gani, in ina wanki tana gabana. Shekara guda ban iya fita ko'ina ba. Wata rana Baba ya ce in raka Inna Hamsatu da bokitinta, ƙafarta na ciwo. Na kai ta har can. Da na isa sai na ga ruwa ne kawai, da mata suna aiki, da shanu suna sha a ɗaya gefen. Na zauna a benci har aka kira magariba. Ranar na ci abinci sosai.

Akwai abin da ba ka gani daga Tibiri. Yaran unguwa ba su daina zuwa tabki ba. Ta titi suke bi, su kaɗai, cikin motoci. Da, in yaro ya shiga lungu, sai ya wuce Baba, ya wuce mai ƙosai, ya wuce mata biyar, kowa ya tambaye shi ina za shi. Ranar Ladidi kowa yana gidan suna, shi ya sa ba wanda ya gan ta. Yanzu kullum haka wurin yake daga gefenmu. Tun da na fara zuwa na kori yara daga bakin ruwa ban san adadi ba, har sun san muryata.

Maganar Tibiri, in ka ce in zo zan zo, ba zan yi maka gardama ba. Amma ban san wanda zai dafa wa Baba ba, kuma can ban san kowa ba sai kai, kai kuma ba ka magana.

Ban taɓa ganin laifinka ba. Ina fatan kai ma ba ka ga nawa.

Allah ya kiyaye mini kai.

Matarka,
Zubaida

*

Tibiri, 19 ga Janairu

Zubaida,

Wa alaikis salam. Takardarki ta zo. Ina lafiya.

Ban taɓa ganin laifinki ba. Ni na koya mata hanyar. Duk Lahadi nakan ɗora ta a kafaɗa mu bi lungun, in nuna mata agwagi. Da ta fara tafiya sai na riƙa sauke ta tana yin gaba ina bin ta, ina yaba mata don ta gane hanya. Ban gaya wa kowa wannan ba sai yau.

Ki koma wa garkarki. Ki ce wa Yaya ta sanar da mai unguwa, amma kada a kira magini. Na nemi hutun kwana uku, ina zuwa ran Asabar, ni zan sauke bulon.

In an buɗe, ina so mu bi tare. Ban sani ba ko zan iya kaiwa bakin ruwan. In na tsaya a hanya, ki jira ni.

A gaida Baba.

Mijinki,
Nasiruddeen