Dodon Takarda da Idon Baba

Samaru, Zariya
Watan Yuli, 1956

Zuwa ga ƙanena Julius,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kuna lafiya, kai da Martina da jaririnku, kuma aikin reluwe bai tsotse ka ba a Ikko. Allah ya tsare ku. Mu nan sai godiya. Damina ta zauna, maigidana Barau yana gonar gwaji yana fama da audugar Turawa, ni kuma ina fama da Baba Abarshi, wanda ka san ya baro ƙauye ya zo wurina don likita ya cire masa yanar da ta rufe idonsa na hagu, ta fara kama na dama.

Bayan haka, ƙunshin littattafan zane da ka aiko wa 'yata Tabitha ya iso, da ƙafata na je Sabon Gari na karɓo. Na yi murna, na ce kawu ya tuna da 'yarsa. Ban duba ba, don ka san Turancina bai wuce na gaisuwa ba. Ashe littafin da ke sama labarin wani mugu ne mai baƙin mayafi da fuskar ƙarfe, wai daga wata ya sauko. Ba ya tsayawa sai inda inuwa take, yana magana ta cikin bututu, mutanen gari su ruga su kulle ƙofa. A shafin ƙarshe aka kama shi aka cire masa fuskar, sai ga wani tsoho mai sanƙo, maƙwabcinsu.

Tabitha, da shegen son kakanta, ta zauna da shi a gindin mangwaro tana fassara masa, tana kai hoton dab da idonsa mai gani. Da suka kai ƙarshe ta kwashe da dariya, ta ce ashe dodon ma mutum ne, ta tambaye shi ko na ƙauyenmu haka yake. A gaban matan gidan haya fa, Julius! Tun ranar Baba bai taɓa tuwona ba. Ya ɗaure kayansa, ya ce gara ya makance cikin mutanensa. Likita kuwa ya ce in aka wuce watan nan ba a yi aikin ba, sai dai haƙuri.

Ni na goye ka, saboda haka zan tambaye ka ba kwana-kwana. Ka san Baba ne mai riƙe da ɗakin dodo a ƙauye, ka san yana gidana. Me ya sa ba yayyenta maza ka aiko wa ba, sai ita? Me ya sa kusurwar shafin ƙarshen nan kaɗai ke lanƙwashe? Barau ya ce in daina zargi, wataƙila a jirgi ta lanƙwashe. Wataƙila. Amma biri ya yi kama da mutum, don ban manta ba, ranar da aka yi maka baftisma ka ce wa Baba sai ka tona asirin dodo mata sun sani.

In kana jin ido ka buɗe mana, ka makara. Wace mace ce a ƙauyenmu ba ta sani ba? Inna, Allah ya jiƙanta, takan dafa wa dodo giya da wake, ta shige ɗaki ta lulluɓe tana rawar jiki, alhali ta san tarin mijinta ko ta cikin goran da dodo ke magana da shi ya fito. Ni ma na sani tun kana rarrafe. Asirin mazanmu muke rufewa. Yanzu da 'ya'yansa duka muka bi coci, wannan kaɗai ya rage wa tsohon nan, kuma raina ya ɓaci ƙwarai.

In ba da gangan ka yi ba, ka rubuto, Barau zai karanta masa. In da gangan ne, kada ka ɓata tawada, ka hau jirgi ka zo ka durƙusa. Na ɓoye sandarsa da takalmansa a ɗakin maƙwabciyata Adaobi, amma ka san halinsa, zai iya kama hanya ba takalmi.

Ka gai da Martina, ka shafa mini kan jaririn. Barau da samarin suna gaishe ku. Tabitha ma tana gaishe ka. Kullum tana kuka tana tambayata laifin me ta yi wa kakanta.

Taka yayarka,
Salome