Wayar da ke Cikin Rumbu

Yamai

Yaya Tabawa,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna da Harouna mijinki, da fatan kuna lafiya. Ga wayata nan ƙulle cikin kallabi, direban mota zai ba ki. Ki ɓoye ta, ko na yi kuka kada ki maido.

Jarrabawar aikin jinya ta matso, in na sake faɗuwa za su sallame ni daga lakwal, makarantarmu ta jinya. Ni kam na gaji da kaina. Sai in buɗe wayar don darasi, in tsinci kaina cikin bidiyon sojoji da na girki. Tun da ake yanke wutar kuran, layin caji nake bi a kasuwar Katako, abokaina suna karatu.

Ƙanwarki, Hamsatu

Tawa

Hamsatu,

Muna amsawa. Wayarki tana cikin rumbu, dama babu hatsi, wuri ya samu. Gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba. Ke da ko wanka da ita kike shiga, yau kin yi hankali? Inna duk wanda ya shigo sai ta ce masa 'yarta ta kusa fara yin allura. Ki yi karatu, ke kaɗai muke kallo. Allah ya ba da sa'a.

Tabawa

Yamai

Yaya,

Ina gaisuwa. Karatun ba ya zama. Takarda nake shafawa da yatsa, wai ta matsa sama. Jiya a asibiti majo, shugabar masu jinya, ta ce in ƙirga bugun jinin wata tsohuwa. Na riƙe hannunta, sai na ji waya tana motsi a cinyata, alhali aljihun ba komai. Lissafin ya ɓace. Na sake, ya sake ɓacewa. Ashe ban taɓa ƙirgawa ba sai da wayar. Tsohuwar ma ta ce, "Ɗiyata, ke ce ba ki da lafiya."

Tsoro nake ji, Yaya. Jibi ne jarrabawar. Ki sa Inna ta yi min addu'a.

Hamsatu

Tawa

Hamsatu,

Gaisuwa. Shirun ya yi yawa. Inna ta hana a ba ta maganin tarinta, wai sai kin zo kin duba ta da kanki. Me ya faru?

Tabawa

Yamai

Yaya,

Ina gaishe ku. Sun sallame ni. Kada ki gaya wa Inna, ki ba ta maganin ki ce ni na aiko.

Motar Laraba tana zuwa. Don Allah ki ba direban wayar.

Hamsatu