Guɗar da na rangaɗa a Birmingham

Yaya Ladi,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafar taki? Yaya Baba da yara? Mu nan Manchester lafiya lau.

Albishirinki! Ranar hutun da suke kira bank holiday muka je Birmingham, wajen kiɗan da ake yi a park, wato filin shaƙatawa, duk shekara. 'Yar tawa Rahilarki aka zaɓa ta goga violin, gogen Turawa, a gaban duk makaɗan. Kin san babanta bai huce ba tun da ta bar karatun pharmacy, da ƙyar na jawo shi.

Ashe Turawa ba sa tafi sai an gama kiɗan kaf. Ni ina na sani? Tana ɗan tsagaitawa na miƙe na rangaɗa guɗa. Wuri ya yi tsit, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai ga babanta tsaye yana tafi, yana ihu, "'Yata ce!" Park gaba ɗaya ya ɗauki tafi.

Da aka fara wasan wuta kowa sama yake kallo, shi kuwa ita yake kallo.

Ki sa ta a addu'a, ki gaishe da matan zumunta. Ki ce musu guɗar Jos ta tsallake teku.

Ƙanwarki,
Hannatu