Ƙafafuna Suna Ƙasa, Zulmira

Zuwa ga Zulmira, hasken safiyar gaɓar tekunmu mai suna Porto da Barra, ruwan kwakwata mai sanyi a tsakar rana, ke da kika fi iskar teku laushi, kika fi mangwaron Disamba zaƙi!

Ina gaishe ki gaisuwar mutumin da kwana shida ke nan yana rayuwa a kan kunu da dafaffiyar ayaba, domin haƙoransa suna ƙasan teku, zuciyarsa kuwa tana ƙofar gidanki.

Yau zan faɗi gaskiya. Ni Florisvaldo tela, mai shekara sittin da takwas, ban iya iyo ba. Ban taɓa iyawa ba! Shekara arba'in ina kallon ruwan nan ta tagar shagona, ban bar shi ya wuce gwiwata ba, sai ranar da na gan ki kin fito da hularki ta roba mai launin ruwan lemo, kamar rana ta manta ta sake fitowa. Kika kira ni da laƙabin girmamawa, kika ce, "Seu Florisvaldo, kai ba ka shiga ne?" Me zan ce, ya sanyin idona? Bakina ya riga hankalina. Na ce ai ni da ƙuruciyata har tsibirin Itaparica nake zuwa da iyo, in dawo gahawata ba ta huce ba.

Wata huɗu, Zulmira! Wata huɗu ina tafiya a kan yashi a durƙushe, ruwa iya wuya, ina kaɗa hannuwa kamar agwagwar da ta ga biki. Ke kina shawagi kusa da ni kamar furen da iska ta ajiye a kan ruwa, ni ina jan ƙafa ina taka ƙaguwa. Gwiwoyina suka kumbura har likita ya tambaye ni ko na fara ƙwallo ne da tsufana. Ban damu ba. Wane ciwo ne zai tsaya a gaban dariyarki?

Sai ga Asabar ɗin nan. Wani ƙaton jirgi ya wuce zai shiga tasha, ya turo mana igiyar ruwa, 'yar ƙarama, wadda ko jariri ba za ta tayar daga barci ba. Ita ta ɗaga ni. Na nemi ƙasa na rasa! Na buɗe baki zan yi ihu, haƙorana na roba suka yi tsalle suka bar ni. Ke kika kamo ni ta haɓa, kika ja ni kamar buhun rogo, kika ce, "Miƙe tsaye, tsoho!" Na miƙe. Ruwan iya cibiyata.

Jama'a suka yi ta dariya, har ƙawarki Dona Creuza ta sha ruwa. Na fara ba ki haƙuri kan ƙaryata, kika katse ni: "Kai, rufa mana baki! Ruwan nan garau yake, tun ranar farko kowa yana ganin ƙafafunka. Har suna muka sa maka, Mai Tattaki. Wannan bai dame ni ba. Abin da nake so in sani, wace ce Jandira da kake kira da za ka mutu?"

Wayyo Zulmira! Wace Jandira? Sunanki na kira! Ki gwada da kanki: ki cire haƙora, ki cika baki da ruwan gishiri, ki ce Zulmira, ki ji abin da zai fito. Na gwada a gaban madubi sau ashirin. Sau goma sha uku Jandira ce ta fito, sau ɗaya ma sunan wani namiji.

Ni ina na tuna cewa mai ƙosan da ke bakin katangar gaɓa sunanta Jandira? Ita ma ta ji ihun, ga shi yanzu kullum sai ta aiko mini da ƙosai da ƙarin jatan lande, tana cewa, "A gaida jarumina." Ni da ba ni da abin tauna su! Na rantse da Allah ko ɗaya ban ci ba, maƙwabcina Osvaldino ne yake ta ƙiba.

Ke kuma kin koma can ƙarshen gaɓa, kusa da tsohuwar ganuwar sojoji, kina iyo kin ba ni baya. Rairayin ya zama toka, ruwan kwakwa ya zama magani. Ina amfanin teku in babu hular nan a cikinsa?

Ga alkawarina. Gobe da ƙarfe bakwai na safe zan shiga ruwa a gaban kowa, in kwanta rigingine, in ɗaga ƙafafuna duka biyun. Duka biyun, Zulmira! Ko kin zo ko ba ki zo ba zan yi. Amma ina roƙonki ki zo ki sa tafin hannunki a ƙeyata, domin Jandira ta ce ita ma ta iya ceto, kuma ta riga ta sayi rigar wanka.

Naki ke kaɗai, har ranar da tekun nan zai ƙafe a shuka masara a cikinsa,

Florisvaldo