Rasuwar Alhaji Tasi'u Danchadi, Mai Hoton Zuciya

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Masu Jinyar Zuciya ta Bodinga da Shagari ta samu labarin rasuwar shugabanta kuma malaminta, Alhaji Tasi'u Mode Danchadi, ranar Talata da hantsi.

Shekara goma sha ɗaya marigayi yana goya na'urar hoton zuciya a bayan babur tsakanin Bodinga da Shagari, yana duba manoman albasa da teloli ran kasuwa. Shi ya koya mana cewa wanda ya tashi daga bugun zuciya bai tsira ba tukuna, domin bangon zuciya kan tsage, jini ya taru cikin wata 'yar jaka da siririyar fata kaɗai ke riƙe da ita. Likitoci na kiranta kumburin ƙarya, kuma tana fashewa ba sallama. Mutum shida ya gano wa ita ya tura Sakkwato aka ɗinke, biyar suna raye, ɗaya daga cikinsu ma shi ya ja sallar gawar marigayin.

A bara ya ɗora na'urar a ƙirjinsa ya ga jakar da idonsa. Aka ba shi ranar tiyata, ya ɗage har sau biyu, wai sai ya gama horar da mataimakiyarsa Malama Rahama Lukman kan aikin na'urar. Mun yi faɗa da shi, ya fi mu taurin kai. Saura kwana huɗu a yi aikin, sai jakar ta fashe.

Mun ji abin da ake yaɗawa a zaman makoki, wai na'urar ce ta shanye masa jini. Ƙarya ce, kuma ta ƙona mana rai. Na'urar ta faɗa masa gaskiya, jinkiri ne ya ci shi. Saboda wannan magana mutum goma sha huɗu sun janye sunansu daga hoton wannan mako, alhali uku cikinsu ba su daɗe da tashi daga bugun zuciya ba. Ba za mu rufe ɗakin hotonmu na Bodinga ba ko na wuni ɗaya.

Muna roƙon Allah Ya gafarta masa, Ya ba uwargidansa Hajiya Zulaihatu, 'ya'yansa da dattawan Danchadi juriya.

Ranar Alhamis da safe Malama Rahama za ta kunna na'urar a Bodinga. Babban ɗan marigayi, Mansur, ya ce shi za a fara ɗora wa.

Malam Ismail Altine Shagari,
Sakataren Watsa Labarai.